Wanda Ya Hau Bango da Ransa

A Kashla ba a cewa mutum ya mutu. Cewa ake ya hau bango.

Duk ɗan garinmu Maknas ya san Kashla, tsohon gidan nan mai kaurin katanga da Faransawa suka gina wa sojojinmu da suka dawo daga yaƙinsu ba hannu ba ƙafa. Faransawan sun tafi, amma gidan bai taɓa rasa masu shiga ba. Daga babbar ƙofa akwai wani dogon zaure mai sanyi, a jikin bangonsa an jera ƙafafun katako da hannayen ƙarfe, kowanne a kan ƙusarsa. Al'adar gidan ce tun fil azal: in tsohon soja ya cika, a kai shi makwancinsa, a dawo a buga ƙusa a rataye ƙafarsa. Ba a rataye ƙafar mai rai. Shi ya sa mazauna gidan ba sa bin zauren nan sai dole, sun gwammace ƙofar lambu ko da ta fi nisa.

Ni Zuhur, da tsufana da ciwon gwiwata, ba don nishaɗi nake ba da labarin nan ba. Abin da aka yi wa Ba Jilali, wato Baba Jilali a bakin mutanenmu, a gabana aka yi shi, kuma ɗan cikinsa ne ya yi.

Ba Jilali mijin yayata ne, marigayiya Mubarka. Nakiya ce ta cire masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa a yaƙin Sahara, ya dawo da ta katako, ita ya yi ta takawa har furfura ta cika masa kai. An sha yi masa tayin ta roba, ya ce shi da tsohuwarsa mutu ka raba. Da maɗaurin fatar ya dame shi da cin cinya, Yaya Mubarka ta farke koren zaren adon rigar aurenta ta naɗe maɗaurin da shi. Takalmin nan rawaya da dattawanmu ke sawa kuwa zamewa yake daga katako, don haka duk Sallah in ya sayi sabo, ɗaya ya sa, ɗaya a buge shi da ƙusa. Unguwa kaf ta san tafiyarsa, ƙwas, shiru, ƙwas. Kowace Juma'a da hantsi sai ya ɗauki butar ruwa ya hau tudun maƙabarta ya zuba a kabarin matarsa. Yakan ce tun daga ƙofa take jin zuwansa.

Wata Juma'a bayan mun ci kuskus, ɗansa Milud ya ce ya kamata a kai Baba can Kashla ya duba tsohon abokinsa Sajan Hammu, wai an ce ba ya jin daɗi. Ni ma aka ce in zo. Na san Milud tun yana cikin tsumma, bai taɓa tuna gaida kowa ba sai da dalili, amma ranar har albarka na sa masa. Matarsa Gizlan ta rako mu bakin lungu tana ta fara'a, ita da ko ruwa za ta miƙa wa surukinta sai ta kawar da kai.

Ta ƙofar lambu muka shiga. Sajan Hammu lafiyarsa ƙalau, in ban da idanun da ya baro a Sahara. Yana jin ƙwas ɗin nan ya miƙe yana tambaya ko har yanzu Kofur yana tsoron kunama. Ba Jilali ya ce shi kuma Sajan yaushe zai biya sukarin runduna da ya sace. Aka kawo shayi da na'ana'a, suka yi ta tonon juna asiri muna dariya. Ana cikin haka Milud ya durƙusa gaban ubansa, ya shafa maɗaurin, ya ce fatar ta tsage, wata rana sai ta kayar da shi a matattakala. Wai akwai baduku nan bayan kasuwa, kafin magariba ya gama.

"Wane baduku ne ke aiki ranar Juma'a?" in ji Ba Jilali.

"Abokina ne, Baba. Don kai zai buɗe."

Da hannunsa Ba Jilali ya kwance ƙafar ya miƙa. Milud ya sa ta a buhu ya saɓa a kafaɗa, takalmin nan rawaya yana leƙowa har ya sha kwana.

Aka kira magariba, ba Milud ba labarinsa. Sai ga wata ma'aikaciyar jinya da keken guragu, ta ce gadon Ba Jilali yana shirye. Na ce wane gado, mu ziyara muka zo. Ta dube ni kawai ta ce in biyo ta. A ƙarshen dogon ɗakin kwana, kusa da taga, ga gado an shimfiɗa masa bargon ulu mai ratsin baƙi da Yaya Mubarka ta saƙa da hannunta, ga dardumarsa, ga 'yar rediyonsa a kan akwati. Ba Jilali ya daɗe yana kallon bargon, sannan ya ce ai garin da sanyi, yaron yana da tunani.

Zan fita Sajan Hammu ya laluɓo hannun rigata ya ja ni gefe. Ya ce, "'Yar'uwa, ki nemo ƙafar nan da wuri. Dungulmi in ya rabu da ƙafarsa kumbura yake yi, daga baya ya motse. Gwiwa kuma in ta saba da kujera sai ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa. Ƙafa tana manta mai ita. Na san an yi haka a gidan nan, ba sau ɗaya ba."

Na ce har zuwa yaushe. Ya ce in sanyin nan ya wuce ba ta dawo ba, to kada ma a wahalar da kai.

Kashegari Milud ya ce a waya baduku ya tafi jana'iza ƙauye. Bayan nan ya ce fatar da ta dace ba ta zo daga majema ba. Da fata ta zo, sai aka gano wai katakon ma gara ta ci, sai an nemi kafinta. Kafinta ya tafi Umra. Kullum da sabon zance, kuma cikin ladabi yake faɗa, Inna kaza Inna kaza, har ka ji kamar kai ne mai laifi da ka tambaya. Na ce ya nuna mini shagon badukun in je da kaina. Ya ce lungun da nisa, yana tausayin gwiwata.

Na je wurin shugaban gidan. Mutum ne mai sanyin magana, ya ba ni kujera, ya ce ɗan Ba Jilali ne ya kawo shi kuma komai an yi shi bisa ƙa'ida tun kafin ranar. Ya ce Kashla ba kurkuku ba ce, in Ba Jilali yana son tafiya ga ƙofa nan, ba mai riƙe shi. Na ce da wace ƙafar. Ya ce za a auna shi a yi masa sabuwa, mai aunawa daga babban birni yake zuwa. Na tambayi ranar zuwansa, ya ce in sha Allahu.

Ko da na ce zan ɗauke shi, ina zan kai shi? Ni kaina a ɗaki ɗaya nake raɓe a saman gidan mijin 'yata. Gidan Ba Jilali kuwa a ƙasan lungu yake, inda mota ba ta shiga, sai matattakala bayan matattakala. Keke ba ya sauka can. Sanduna kuma ba za su yi masa ba, don akwai ɓarɓashin ƙarfe a kafaɗarsa tun na ranar nakiya. Milud ya san duk wannan, a gidan aka haife shi.

Ba Jilali bai zauna jira kawai ba. Sajan ya koya masa yadda zai naɗe dungulmin tam da tsumma kowace safiya, da yadda zai kwanta rub da ciki yana miƙe gwiwar. Sai ya kama ƙarfen gado yana tsalle da ƙafa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, gumi yana zuba, 'yan ɗakin suna yi masa kirarin fareti. In na zo da kwanon kuskus ranar Juma'a yakan tare ni da tsokana, wai ga uwar surutu ta iso, kowa ya toshe kunne. Abu biyu yake tambaya: ko na zuba ruwa a kabarin, da ko baduku ya gama. Na farko ina da amsarsa.

Da na gaji da waya sai na sauka gidan ba sallama. Tun daga soro warin fenti ya buge ni. Ɗakin Ba Jilali, ɗakin da yayata ta yi jinya ta cika a ciki, an shafe shi da shuɗi, an sa gado mai rumfa da fitilun tagulla. Wasu Turawa biyu suna zaune a tsakar gida ƙarƙashin itacen lemo suna karyawa. Ashe gidan baƙi aka mayar da shi.

Gizlan ta ja ni ɗakin girki, ta ce in yi magana a hankali. Ita ba ta ɓoye komai ba. Ta ce tun kafin su fara sun san ba zai yiwu da Baba a gida ba. Ƙwas ƙwas ɗin nan a kan daɓe tun assalatu, wane baƙo ne zai yi barci? Ga warin man da yake shafa wa dungulmi. Ga shi duk Baturen da ya gani a lungu sai ya ƙame ya sara masa, ya tsare shi da labarin Sahara. Ta ce su ma suna da 'ya'ya, sai sun nema musu abin rufin asiri.

Milud ya shigo ya tarar da mu. Ya sumbaci kaina, ya ce Inna ki yi adalci. Can akwai likita, akwai masu jinya, akwai abokansa. Ƙasar nan ya ba ƙafarsa, hakkinsa ne ƙasa ta riƙe shi. Ya ce shi ne ma ya sha wuya kafin ya samo masa gado, mutane nawa ke nema ba su samu ba.

Na ce duk na ji, a ba ni ƙafar.

Ya ce tana wurin gyara. Ya faɗa yana kallon tukunyar da ke kan wuta. Na bi gidan ɗaki ɗaki, na hau rufin, na leƙa bayan tankin ruwa, na ɗaga tsofaffin tabarmi, Gizlan tana bina tana roƙo kada in kunyata su gaban baƙi. Ban same ta ba.

Sanyi ya yi ƙarfi. Ba Jilali ya faɗi wata safiya garin tsallen nan, goshinsa ya fashe, aka hana shi. Daga nan ya koma kan keke wuni guda yana fuskantar ƙofar lambu. Dungulmin ya kumbura ya yi ja, ga shi da ciwon suga, wani ɗan gyambo ya fito ya ƙi warkewa. Da kumburin ya sauka sai naman ya zube, fata ta yi yaushi. Na lura in ya kwanta gwiwar ba ta sauka kan katifa. Ya daina ce mini uwar surutu. Kuskus kuwa sai ya ci loma biyu ya tura wa na kusa da shi. Amma bai taɓa barin a zagi Milud a gabansa ba. In 'yan ɗakin suka fara, sai ya ce aikin hannu ba ya son gaggawa, badukun kirki haka suke. Takalminsa ɗaya rawaya kullum yana gindin gado, yana goge shi da gefen bargo.

Sajan Hammu ya daina tambayata. In na gaishe shi sai ya amsa, ya juya fuskarsa wajen iskar da ke shigowa ta taga kamar mai auna sauran sanyi.

Duk shekara in itatuwan lemo sun yi fure ana buɗe Kashla wa mutanen gari. Manya su zo, 'yan makaranta su zo, a shirya tsofaffin da lambobinsu a ƙirji, a bi da su ta dogon zauren nan zuwa fili. Ita ce rana ɗaya da ba mai kauce wa bangon. An rufe zauren tun tsakiyar sanyi ana shafa masa farar ƙasa, sai ranar aka buɗe.

Ni na tura keken Ba Jilali. Ya sa farar jallabiyarsa, ya maƙala lambarsa, ya sa takalminsa. Ya ɗan sami kuzari don an ce Milud zai zo, yana cewa watakila da ita zai taho. Milud ya zo kuwa, cikin kwat, shi da Gizlan da wasu baƙinsu, suna can gaba yana yi musu bayani da hannu.

Muka shiga zauren a jere. Tsofaffin suna wucewa suna kiran sunayen waɗanda suka sani a hankali, wane ya hau shekarar ambaliya, wane ya hau da azumi, Allah ya ji ƙansu. Ƙafafun duk sun yi baƙi don tsufa. Muna gab da ƙarshen layi sai Ba Jilali ya sa hannu ya riƙe tayar keken.

A kan sabuwar ƙusa, ƙarshen jeri, ga ƙafa sanye da takalmi rawaya. Maɗaurinta naɗe da koren zare. Fatar lafiyarta lau, ba tsaga ko ɗaya.

Kekunan baya suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Sajan Hammu, wanda ake ja a bayanmu, ya tambayi me ya faru. Da ba a amsa masa ba sai ya miƙa hannu wajen da kowa ya yi shiru yana fuskanta. Na kama hannun na ɗora masa. Ya shafa takalmin, ya taɓa kan ƙusar da aka buge shi da ita, ya hau har kan zaren. Sannan ya ɗaga murya, muryar fareti da ban taɓa jin ya yi ba.

"Wa ya hau da mai rai bango?"

Mai kula da zauren ya taho da sauri, sabon ma'aikaci ne, ko sunayen tsofaffin bai gama sani ba. Ya ce wani mutum ne ya kawo ta a buhu tun farkon sanyi, ya ce mai ita ya gama da ita. A gidan nan kuwa ma'anar wannan ɗaya ce. Ya waiwaya ya nuna Milud.

Na ɗauka zai gudu, ko ya faɗi ƙasa ya kama ƙafar ubansa. Ina. Gyara kwat ɗinsa ya yi ya matso.

"Ni ban ce ya mutu ba, Inna. Cewa na yi ya gama da ita. To ina zai je da ita? A bola kike so in jefar? Ga ta nan cikin na jarumai, duk wanda ya zo zai gani. Ai girmama shi na yi."

Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, Ba Jilali ya ce in bari. Bai ko dubi ɗansa ba. Ya ce a sauko masa da ita.

Nan cikin zauren aka yi, manyan baƙi suna jira a fili. Sajan Hammu ya durƙusa da kansa, ya kwance tsumman, ya laluɓa dungulmin, na ga fuskarsa ta canza. Duk da haka ya zura. Dungulmin ya faɗa cikin ramin katakon yana yawo. Aka cusa tsumma, aka ƙara, aka ja maɗaurin har ƙarshe. Mutum biyu suka ɗaga Ba Jilali. Gwiwar ta ƙi miƙewa, takalmin yana lilo a sama bai taɓa ƙasa ba. Ya cije leɓe ya danna da dukan ƙarfinsa, gyambon ya fashe, jini ya biyo katakon. Ya sake dannawa. Ni dai ƙwas ɗin nan nake jira, ko sau ɗaya, ban ji ba.

Suka mayar da shi kan keke. Ya zauna yana haki. Da numfashinsa ya dawo, ya kwance maɗaurin da hannunsa kamar yadda ya yi ranar da muka zo ziyara, ya goge jinin da gefen jallabiyarsa, ya miƙa wa mai kula da zauren.

"Mayar da ita inda take."

Sajan ya ce haram, ba a taɓa yi ba. Ba Jilali ya ce ai an riga an yi. Ya sunkuya ya cire takalmin ƙafarsa mai rai ya ba ni, ya ce in ajiye shi a ƙasa daidai ƙarƙashinta, tare aka saye su. Da na waiwaya Milud ya fice da baƙinsa, wai rana ta yi musu zafi.

Ba Jilali yana nan da ransa. Yana kwance a gadon nan na kusa da taga, ƙarƙashin bargon Yaya Mubarka, ya bar fuskantar ƙofar lambu. 'Yan ɗakin in sun zo wucewa ta gabansa sai su sassauta murya, ba da gangan ba, haka aka saba yi wa waɗanda suka hau bango. Gidan baƙi kuwa ya karɓu. An ce Turawa suna yabon shirunsa, ba abin da ke tashin mutum da asuba. Milud yana sahun gaba a masallaci, in aka tambaye shi Baba sai ya ce yana can ana kula da shi yadda ya kamata, mutane su sa masa albarka. Ni ma na taɓa sa masa, kuma duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci.

Juma'ar da ta wuce na biya ta wurinsa kafin in hau tudun maƙabarta, butar ruwa a hannuna. Bai tambaye ni baduku ba, ya daɗe da bari. Ya dubi butar, ya ce in na zuba ruwan in tsaya in gaya wa yayata magana ɗaya.

"Ki ce ta daina sauraro."

Na hau tudun, na zuba ruwan, na cire ciyawar da ta fito a gefen kabarin. Na daɗe a tsaye. Sannan na ɗauki butata na sauko, ban faɗa mata ba.